Takobin Kabul da Basillar Kakana

Auta, ke kika fi kowa haƙƙin jin wannan babi, domin a kanki aka yanke hukuncin kina da kwana ɗaya a duniya. Yayyenki uku duk sun yi kwana bakwai a kan takobin gidanmu, ke kaɗai ce ba ki yi ba. Na san abin da aka sha gaya miki a Jekadafari, wai ubanki ya je Turai ya dawo ya ci mutuncin kakanninsa a gaban jama'a. Ban ci mutuncin kowa ba. Zan faɗi abin yadda aka koya mini faɗin labari a gidan rediyo: wane ne, me ya yi, a ina, wa ya shaida.

Ko'ina a ƙasar nan ana ajiye wuƙa ko wani ƙarfe kusa da kan jariri don tsari. A zuri'armu ba a sa wuƙa. Duk wadda ta haihu, ko a wace unguwa take aure, babban gida na Jekadafari zai aika mata da takobi a naɗe cikin farin ƙyalle, a tura shi ƙarƙashin shimfiɗar jaririn har ranar suna. A ranar, bayan an yi addu'a an raba goro, sai babban namijin gidan ya zare shi a gaban mutane ya ba da tarihinsa. Ba a taɓa furtawa da baki ba, amma kowa ya sani: wanda takobi ya kwana a ƙarƙashinsa shi ne ɗan gida. Akwai 'yar baffanmu da ta saɓa wa manya, ba a aika mata ba, har yau 'ya'yanta idan sun shigo sai su tsaya a zaure kamar baƙi.

Tarihin kuwa, na haddace shi tun kafin in haddace Fatiha da kyau. Wai kakan kakanmu, Ardo Sambo, jarumi ne a yaƙe-yaƙen da aka yi tun kafin zuwan Turawa da daɗewa, wani maƙerin ƙasar nan ya ƙera masa takobin, ya buga hoton masallaci a ruwansa don a san na yaƙin addini ne. Mahaifinmu ya iya ba da shi. Yakan dakata daidai inda ya kamata, ya bar mata su yi guɗa daga cikin gida, sannan ya ci gaba. Kuben jar fata ne da ado kore, ɗinki irin na dukawan garin nan, ba mai shakkarsa. Amma abin da ke cikin kuben bai yi kama da kowane takobi da na taɓa gani a Gombe ba. Namu na nan kaifi biyu ne, mariƙinsu da ɗan ƙarfe a gicciye. Wannan kaifi ɗaya ne, bayansa mai kauri, ya miƙe yana tsukewa zuwa tsini kamar ƙatuwar wuƙa, kuma daga mariƙin wani ƙarfe ya lanƙwaso ya rufe yatsun mai riƙo. Ina yaro na tambayi Baba dalili, ya ce na jarumi ba ya kama da na kowa. Na karɓa, na riƙe wannan amsar shekara talatin.

A shekarun da na yi aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Turai, ƙofarmu tana kallon ƙofar masu watsa shiri zuwa Afganistan. A cikinsu akwai wani dattijo, Zalmai, tsohon malamin tarihi da yaƙi ya koro daga Kabul. Tare muke sallar azahar a wani lungu bayan ɗakin faya-fayai, bayan sallah kuma ya tilasta mini shayinsa marar madara. A kan teburina akwai hoton ranar sunan yayanku Sadiƙu, Baba yana tsaye da takobi a zare. Wata rana Zalmai ya ɗauki hoton, ya cire tabarau, ya kai shi kusa da ido.

"Jibrilla, wane ne a danginku ya yi wa sarkin Kabul aikin soja?"

Na yi dariya, na ba shi tarihin Ardo Sambo tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce idan na je hutu in ɗauko hoton masallacin nan na jikin takobin daga kusa. Na ɗauko. Ranar da na kawo, ya zo da wani littafi mai hotuna, ya buɗe ya ajiye kusa da nawa. Masallaci ɗaya ne, mumbari ɗaya, tutoci a gefe iri ɗaya. Hatimin gwamnatin ƙasarsu ne. A ƙarshen ƙarni na sha tara, in ji shi, sarkinsu ya kafa masana'antar makamai a Kabul da injinan Turawan Ingila, yana son sojojinsa su yi shiga ɗaya da makami ɗaya, a nan aka riƙa fitar da irin wannan takobin.

"Ruwan nan namu ne," ya ce, yana bin hoton da ɗan yatsa. "Doguwar wuƙar mutanen duwatsunmu ce. Mariƙin nan mai kare yatsu kuwa, salon Ingilishi ne. Kafin shi ma, takobinmu na dā mai lanƙwasa, mariƙinsa ɗan'uwan na Indiya ne, ƙarfen kirki kuma sau da yawa daga Farisa yake zuwa."

"Ingilishin da kuka yi ta yaƙa?" na ce. "Ba ku ji kunya ba?"

"Kunyar me? Mun ga nasu yana kare yatsu, namu ba ya karewa. Wawa ne zai bar yatsunsa a fili don kishin kakansa. Mun ɗauki mariƙin, hannun da ke cikinsa namu ne."

Na yi lissafi a raina. Takobin ya fi labarinsa ƙuruciya da shekaru masu yawa. Ardo Sambo, idan ma an yi shi, ya daɗe a kabari kafin a hura wutar da ta narka ƙarfen nan. Amma a aikinmu majiya ɗaya ba ta zama labari, don haka na yi shiru. Na yi shiru har Baba ya rasu, har na bar aikin Turai na dawo Gombe na zauna a unguwar Arawa, har gidan Jekadafari da takobinsa suka koma hannun wana, Hamma Usmanu, ɗan kasuwar hatsi, mutum mai kyauta da zafin zuciya daidai wa daida.

Shekarar da abin ya faru ita ce wadda mahaifiyarku take ɗauke da cikinki. A farkonta babban ɗan Hamma ya samu ɗa namiji, jikansa na fari. Hamma ya zo har Arawa da sabuwar rikoda a hammata, ya ce ya yi hayar lasifika, kuma tunda Allah ya ba gidan mai muryar da ake ji har Sudan, ni zan ba da tarihin takobi a wannan karon, a ɗauka a kaset, a raba wa dangi, ya zauna har jikokin jikoki. Na ce ya ba ni kwana biyu. Washegari da hantsi na tafi unguwar Dawaki wurin Goggo Dija, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan kakanmu. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo tambaya a kan takobi.

"Sai yanzu?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Ai na ɗauka mai karanta labaran duniya ya san na gidansu."

"Goggo, daga ina ya fito?"

"Daga Makka. A kafaɗar ubana."

Ta ba ni labarin tana ɓara tana zubawa a ƙwarya. Kakanmu, Malam Sambo, baduku ne. Ba ardo ba ne, bai taɓa hawa dokin yaƙi ba. Ya tafi aikin hajji a ƙasa yana saurayi, yana ɗinkin takalma da salka a kowane gari ya samu guzurin gaba, shekara bakwai tafiya da dawowa. A Makka ya zauna ɗaki ɗaya da wani tsoho mutumin Kabul, tsohon soja, wanda ciwo ya kwantar. Ba sa jin harshen juna. Kakanmu ya yi jinyarsa, yana ɗauke shi zuwa bayan gida, yana ba shi ruwa a baki, har ya cika. Kafin ya cika ya jawo takobinsa ya ɗora a cinyar kakanmu. Kuben ya riga ya ruɓe, da ya dawo gida shi ya ɗinka sabo da hannunsa, wannan jan da muke gani.

"Kowa a unguwa ya san haka a lokacin," in ji Goggo. "Takobin Alhaji Baduku ake ce masa."

"To wa ya kawo Ardo?"

"Ubanku. Da ya samu aikin malanta a ofis, 'ya'yan manya suka riƙa toshe hanci in ya shigo, wai warin jima. Ranar sunan Usmanu ya tashi ya zare takobi ya yi wa kansa sabon kaka. Ubana yana zaune a gefe, ya makance sannan. Da aka watse na kai masa ruwa, ya ce mini, Dija, yau an binne ni da raina."

Na tambaye ta me ya hana ta magana duk shekarun nan. Ta ce wa ya taɓa miƙa wa mace lasifika?

Ban tafi gida ba, kasuwar hatsi na wuce. Na ja Hamma bayan buhunan masara inda ba kowa, na gaya masa komai, na nuna masa hoton masallacin takobin da kwafin na littafin Zalmai. Wannan ku rubuta shi a zuciyarku, domin shi ne abin da ba a faɗa a Jekadafari: ban yi masa ba-zata ba. Na roƙe shi ya ba da tarihin da kansa kamar yadda aka saba, ni in zauna in yi shiru, ko kuma mu bar kaset ɗin gaba ɗaya.

"Wato wani baƙo a Turai ya fi Baba sanin takobinmu?"

"Goggo ba baƙuwa ba ce, Hamma."

"Goggo ta tsufa. Kai kuma boko ya cinye maka kai. So kake in tara surukaina in ce musu mu jikokin mai ɗinkin takalma ne, abin da muke taƙama da shi ma kwaikwayon Nasara ne da aka ba mu sadaka?"

"So nake kada a sa muryata a kan abin da na san ba haka yake ba."

"Za ka karanta, Jibo. Ni ne babba. A gaban mutane zan miƙa maka, in ga ko kana da idon da za ka ƙi."

"In ka miƙa mini, abin da na sani zan faɗa."

Ya yi dariya ya daki kafaɗata. Ya san ni tun ina rarrafe, bai taɓa ganin na ɗaga murya ba, sai ya ɗauki sanyin hali a matsayin tsoro. Mutane da yawa sun yi mini wannan kuskuren.

Ranar suna da safe ƙofar gida ta cika, tabarmi har bakin masallaci. Aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna, aka raba goro. Hamma ya zare takobi, ya danna rikoda, ya ce ga ƙanena da kuka saba ji a akwatin rediyo, ya sa mini makirfo a hannu. Na dube shi, na ba shi damar ya karɓe. Ya ɗaga mini gira. Sai na gyara tsayuwa na yi sallama, na yi magana da muryar da nake karanta labaran ƙarfe bakwai, ba hanzari, ba kwalliya. Na ce wannan takobi an ƙera shi a Kabul, a ƙasar Afganistan, don sojojin sarkin can. Na ce ruwansa salon mutanen duwatsun ƙasar ne, mariƙinsa salon Turawan da suka yaƙa, kubensa aikin Gombe. Na ce wanda ya kawo shi sunansa Malam Sambo, baduku, da ya taka zuwa Makka da ƙafarsa, ya yi jinyar baƙon da bai san harshensa ba har ya rufe masa ido. Na ce jaririn nan jinin wannan mutumin ne, Allah ya ba shi irin zuciyarsa. Duka bai kai minti uku ba. Wani tsoho a gaba ya ce amin da ƙarfi, ina jin bai gane an yi ɓarna ba. Daga cikin gida ba a yi guɗa ba. Hamma ya kashe rikoda, ya zare kaset ɗin, ya taka shi da takalmi a gaban surukansa.

Abin da ya biyo baya ba sai na ƙawata shi ba. An daina aiko mana da tuwon sallah. A ta'aziyya idan na zauna sai a matsa. 'Yan'uwan da na yi wa hanyar makaranta suka riƙa sauya titi. Abin da ya fi ci mini rai ba nasu ba ne, na mahaifiyarku ne, domin ita ce za ta haihu, ita ce za ta zauna cikin mata ana leƙen shimfiɗa.

"Malam, gaskiyarka ta ƙoshi," ta ce mini wata rana tana tankaɗe. "Ɗan da ke cikina fa? Shi ma a zaure zai riƙa tsayawa?"

"Ƙarya zan yi don a ba shi wurin zama?"

"Shiru za ka yi. Shekara nawa ka yi kana shirun bai kashe ka ba?"

Tana da hujja. Na sayi abin da nake ganin daidai ne, ke da ita kuka biya rabin kuɗin, ba a tambaye ku ba. Wannan ɓangaren na nemi gafararta tun tana raye, kuma ina neman taki yanzu. Amma maganar da na faɗa a lasifika, ko harafi ɗaya ban janye ba.

Aka haife ki ranar Talata. Washegari da safe na aika Jekadafari da albishir kamar yadda aka saba. Ɗan aiken ya dawo da saƙon Hamma: takobin Ardo na jikokin Ardo ne, jikan baduku ya nemi abin da ya dace da shi, amma in na zo na tsaya a ƙofar gida na ce na yi kuskure, kafin la'asar takobi yana Arawa. Mahaifiyarku ta ji daga ɗaki. Ta juya fuska bango. Na zauna a tsakar gida da hulata a gwiwa. Daga Arawa zuwa Jekadafari ba nisa, kalmomin kuma uku ne kacal. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai na ji tana sake binne makahon nan da ke zaune a gefen tabarma. La'asar ta yi, na yi alwala na tafi masallacin unguwarmu.

Ranar Alhamis da rana tsaka, ɗakin cike da mata 'yan barka, wasu daga Jekadafari sun zo musamman su ga shimfiɗar da ba takobi, sai ga Goggo Dija an sauke ta daga mota, tana dogara sanda. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce a kira ni in tsaya a bakin ƙofa in ji. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar fata. Basilla ce, ƙatuwar allurar dukawa, ta yi baƙi, gindinta ya sulɓe don riƙo.

"Usmanu ya ce a nemo abin da ya dace da jikar baduku," ta ce. "To ga shi. Wannan ƙarfen ne ya kai ubana Makka ya dawo da shi. Takobin kaya ne kawai ya ɗauko a hanya."

Wata daga matan Jekadafari ta ce, "Haba Goggo, basilla?"

"Ke da aka kwantar a kan takobi, wane yaƙi kika ci? Matsa mini."

Ta ɗaga shimfiɗarki da kanta ta tura basillar ƙarƙashi, ta tofa miki addu'a. Mahaifiyarku ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta miƙa hannu ta gyara ƙyallen don kada tsinin ya motsa. Goggo ta zauna a ɗakin har ranar suna, kuma a ranar ita ta ba da tarihi daga bayan labule, ni ina maimaitawa ga maza a waje. Mutanen ba su da yawa. Daga Jekadafari ba wanda ya zo.

Ni da Hamma mun yi shekara goma sha ɗaya muna gaisuwar hanya kawai. A ciwonsa na ƙarshe na je, na zauna, na ba shi ruwa a baki, ya karɓa. Ba mu yi maganar takobi ba. Ya rasu bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba. Takobin yana hannun ɗansa yanzu, kuma na ji har yau Ardo Sambo ake faɗa, har an ƙara masa farin doki da ban san shi da shi ba.

Basillar tana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun gida, a fatarta. Jikokina shida sun kwana a kanta, naki biyu a ciki. Duk wanda ya samu ƙaruwa a cikinku ya zo ya ɗauka, ba sai ya roƙi kowa ba, ba sai ya tsaya a ƙofar kowa ba. Wanda kuma ya fi son takobi, hanyar Jekadafari a buɗe take, danginku ne, ku je ku yi zumunci, takobin ma na kakanku ne halak malak. Amma in aka zare shi aka miƙa wa ɗayanku makirfo, ya ce Kabul, ya ce baduku.